Ƙwarya Uku ta Toka a Marinar Tsafe

Tun ranar da na komo Bunguɗu ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Wanga ya tare ni bakin masallaci, wancan ya biyo ni har gindin rumbu: Bawa, yaya Tsafe? Bawa, mi ya maido ka tun ba a yi wata biyu ba, kai da ka ce sai shekara? Kowa na ba shi guntu. Wasu ma na ce masu ciwon ciki ne ya koro ni. To, ba ciwon ciki ba ne. Ga shi na zauna na rubuta shi duka, wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, in huta.

Kun dai san gidanmu babu marini, ko uba ko kaka. A bayan ɗakin Inna na koyi rini, cikin tsofaffin tukwanen da ta yar. In leƙa marinar gari in ga abin da suke zubawa, in zo in kwaikwaya. Shekara uku ina ɓata tsummokaran gida kafin wata tukunya ta yi mani kumfa mai walƙiya kamar wuyan tantabara. Ku da ba ku taɓa tsayawa kun duba ba, ku je ku duba. Zane fari zai shiga ruwan ganyen baba ya fito kore shar, kana riƙe da shi, iska na bugunsa, sai ka ga yana juyewa shuɗi a hannunka. Har gobe in na ga haka sai tsikar jikina ta tashi. Shi ya sa da na ji akwai wani dattijo a Tsafe, Baba Mande, da ke karɓar waɗanda sunka riga sunka fara rini bayan kaka, yana koya masu aikin rami, ban ƙara samun natsuwa ba sai da Inna ta ce in je.

Na bi Malam Nomau mai jakai, wanda ke kai gishiri kudu. Na sa farar rigata guda ɗaya tilo, na ɗaura wani ƙyalle da na rina da hannuna a ƙugu, ƙarƙashin riga, don in nuna ma Baba Mande. Tun daga Nahuce na fara yi ma Malam Nomau bayanin baba da toka. Ya yi haƙuri har hantsi, daga nan ya ce jakin baya ya cika tsayawa cin ciyawa, in koma can in riƙa kora shi. Sai daga baya na gane jakin lafiyarsa lau.

Kafin mu shiga Gusau munka ƙetare gulbi, ruwa iya ƙugu. Da munka hau tudu sai na ga masu wanki suna kallona suna dariya. Na duba jikina. Ashe ƙyallen nan ya zuba, rigata daga cibiya zuwa ƙasa ta koma dabbare-dabbare, wando ma bai tsira ba. Malam Nomau ya ce shi dai ya saba ganin marini ya rina zane, yau ya ga zane ya rina marini. Na ce ɗauraya ce ba ta isa ba. Ya ce ai ga shi gulbi ya ƙarasa mani.

Gusau ta cika ta batse. Ana ta sharar hanyar jirgin ƙasa da ake cewa zai zo, ga leburori, ga Yarbawa da Nufawa, ga masu awon gyaɗa da auduga. Munka sauka gidan wani fatoma mai saukar da baƙi, zaure ɗaya mu goma sha, kowa ya yi matashi da kayansa. Tuwon dawa anka kawo da miyar yakuwa, barkono kamar an yi faɗa da mai miyar. Abin da ya fi ba ni mamaki, har ruwan sha sayar da shi ake yi a tulu. Na ce a garinmu wanda ya sayar ma baƙo ruwa sai ya bar unguwa.

A kasuwa na ga galura wurin wani Bayarabe, garin rini ne ja a cikin gwangwani, daga ƙasar Nasara. Ya ce ba a jiƙa shi kwana da kwanaki, ruwan zafi kawai. Ni kuwa ɗabi'ar marini, ba mu yarda da abu sai mun ɗanɗana, na dangwala na lasa. Kwana biyu harshena da leɓɓana jawur. Duk wanda na gaisar sai ya tambaye ni wa ya nashe ni.

Washegari munka yi Kwatarkwashi, munka sauka gidan wani Bamaguje abokin Malam Nomau, a gindin dutse. Matan gidan sunka dawo daga sussuka tare da mazansu, sunka gaishe mu ido cikin ido, ba wani sunne kai irin na nan. Sunka ba mu hoce mai zafi, wainar dawar nan, da nono. Anka miƙo mani wata ƙwarya kuma, na kai baki, Malam Nomau ya riƙe mani hannu ya ce wannan ba tamu ba ce, giya ce. Mai gidan ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ai ya ga bakina ja ne, ya zaci na riga na fara tun a hanya.

Rana ta uku munka kai iyakar ƙasar Tsafe. Wata 'yar ƙorama ce da tsamiya, wani bafade na zaune a inuwa yana duba kayan fatake. Ya kwance ƙunshina, ya ga curin baban da na taho da shi, ya sansana, ya ce mi zan yi da kashin jaki har da naɗe shi cikin tsumma. Na ce baba ne, ni marini ne. Ya ce in miƙo hannuwa. Ya juya su, ya ga shuɗin iya wuyan hannu ya tsaya. Ya ce marinan garinsu har gwiwar hannu suke, wasu har kafaɗa, ni dai marinin tukunya ne. Ya ce in wuce. Na wuce raina a ɓace, ina cewa cikin zuciyata za su gani.

Marinar tana bayan gari. Tun daga nesa warinta zai tarbe ka. Ramuka ne jere, kowane ya fi tsayin mutum zurfi, an shafe cikinsu sumul, kowane da murfinsa na ciyawa. Baba Mande ɗan tsamurmurin tsoho ne mai magana a hankali. Na shirya jawabin da zan yi mashi tun daga Bunguɗu, bai ko tambaye ni abin da na iya ba. Ya ce an ba ni abinci? Na ce a'a. Ya kira wani ya ce ga ƙanensa, ya je ya ci da shi.

Nan na fara ganin al'adunsu da ba irin namu ba. Sababbi bibbiyu ake haɗawa a rami ɗaya, a sa masu wanda ya shekara a wurin, shi suke ce ma yayan rami. Akushi ɗaya za ku ci da shi, ɗaki ɗaya za ku kwana, abin da kake jin kunyar tambayar Baba shi za ka tambaya. Namu sunansa Anaruwa, mutum mai barkwanci, ya sa mani suna Jan Baki tun ranar farko. Muciya kuwa, doguwar sandar da ake motsa rami da ita, ba yayan rami ake ba ba, sabo ake ba. Mai muciya shi ne shugaban ramin har a gama wannan haɗi, shi ke raba aiki, shi ake tambaya. Baba Mande yakan ce ba ya son ya yaye mutumin da ya iya rini amma bai iya riƙon mutane ba, don gobe shi ma marina zai buɗe.

Wadda ta fi ɗaure mani kai ita ce ta safe. Bayan an karya, kowa zai taru, a bi ramuka ɗaya bayan ɗaya. Mai muciya ya buɗe murfi, ya ɗanɗana, ya faɗa da ƙarfi kowa na ji: ramina lafiya, ko ramina na ciwo. In ya ce ciwo, ba mai dariya. Kowa zai zo ya lasa, ya murza ruwan tsakanin yatsu, a yi shawara. Kun san a nan garin in ramin marini ya mutu rufe shi yake yi, ya ce hutar da shi yake. Can kuwa ɓoyewar ce abin kunya.

Abokin ramina shi ne Labbo, mutumin Mada. Ya girme ni da kamar shekara goma, yana da mata da 'ya'ya mata biyu. Ba ya da yawan magana. Sai da munka yi kwanaki Anaruwa ya gaya mani labarinsa. Ashe Labbo ya yi koyo wurin wani marini a Mada, rami ya mutu sau biyu a hannunsa, maigidan ya kore shi, har yara na ce mashi mai kashe rami. Da ƙyar mahaifinsa ya bar shi ya zo Tsafe rani ɗaya, bisa sharaɗin in bai yi ba ya koma gona, kada a ƙara jin zancen rini a bakinsa.

Bayan mun yi mako uku muna motsa ramukan wasu, anka ba mu namu, anka miƙo mani muciya. Na ɗauka don na fi kowa sani ne. Anaruwa ya ce kada in kumbura, Baba yakan fara da wanda ya fi surutu. Na raba aiki: Anaruwa ruwa, ni baba, Labbo awon toka. Ban taɓa ganin mai awo irinsa ba. Ya cika ƙwarya, ya shafe bakinta da tafin hannu, ya zuba, ya aje tsakuwa ɗaya gefe don kada ya ɓata lissafi. Gumi na karyo mashi kamar mai ɗaukar dutse. Munka rufe rami, sai jira.

Kwana biyar, ramin maƙwabtanmu da anka haɗa rana ɗaya da namu ya tashi, kumfa ta taru a kai. Namu shiru. A gida in tukunya ta yi mani nawa, toka nake ƙara mata ta farka. Na gaya ma Anaruwa. Ya ce rami ba tukunya ba ne, tokar nan kuma ba ta karan dawa ba ce irin tamu, ta itace ce haɗe da katsi, wato laka ta gindin rami da anka ƙone, tana da ƙarfi ƙwarai. Ya ce in jira, in kuwa na damu in ce ramina na ciwo gobe da safe. Ni, da na cika ma kowa kunne, in tsaya gaban mutane in ce ciwo? Da safe na lasa na ce lafiya.

Ranar Juma'a ce. Da anka fara tafiya masallaci na ce su yi gaba, zan yi alwala. Da wuri ya yi shiru na ɗauko ƙwaryar Labbo, na zuba uku, na motsa sosai, na wanke ƙwaryar na kife ta inda take. Na sheƙa na samu sahu. Da na ɗaga hannu zan yi kabbara, ga toka cikin farcena.

Ran Lahadi na buɗe murfi gaban kowa. Ruwan ya yi fari-fari kamar na wanki, ba kumfa ko ɗis. Na lasa, ya cije ni a harshe. Baba Mande ya tsuguna ya murza, santsi kamar sabulu. Ya lasa ya tofar, ya ce toka ta kashe shi. Ya tambaye ni mi ya faru, tunda ni ke da muciya.

Na ce, "Ban sani ba, Baba. Ba ni ke awon toka ba."

Ban ambaci sunan kowa ba, amma duk ido ya koma kan Labbo. Ya zaro tsakuwoyinsa daga aljihu, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Can ya ce wataƙila ya zuba ya manta bai aje tsakuwa ba, dama haka yake. Baba ya ce a marinarsa ba a korar mutum don rami ya mutu, shi ma nasa sun mutu ba adadi, za a yashe a sake. Sannan ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ya ce ko mai muciya na da abin da zai ƙara. Na ce babu.

Labbo ya daina cin abinci. Anaruwa ya yi barkwanci, ya yi lallashi, har ya yi faɗa, a banza. Baba ya kira shi gefe sunka daɗe. Rana ta uku Labbo ya naɗe tabarmarsa. Al'adarsu mai muciya ke yi ma abokin raminsa rakiya, don haka ni na ɗaukar mashi ƙunshi har ƙofar gari. Duk tsawon hanyar nan maganar na bakina. A ƙofa ya karɓi kayansa, ya riƙe mani hannu, ya ce in yafe mashi, ya ɓata mani ramina na fari. Ya ce ni Allah ya ba ni hannu, in riƙe da kyau.

Kun san mi na ce? Na ce ba komai.

Yasar rami aikin mai muciya ne. Anka kwashe ruwa, na shiga ciki da tsani, ina cika masaki da laka, Anaruwa na sama yana ja. Da na kai gindi sai ga toka fara fat, kwance, ba ta ko gama narkewa ba, daban da wadda ta gauraya da baba tun ranar haɗi. Duk wanda ya san rami zai gane daga baya anka zuba ta. Na yi ƙoƙarin cuɗa ta da laka, ba ta ɓoyu ba. Masakin ya hau. Na ji Anaruwa ya daina waƙar da yake yi. Ya aje wannan masaki gefe guda. Da anka kawo tuwo ya ci nasa ɓangaren, ya turo mani akushi, ya tashi. Tun da na zo, ranar ce kawai bai kira ni Jan Baki ba.

Da safe da anka zo kan raminmu, ba ruwa a ciki balle a lasa, na ce ni ne na ƙara toka ranar Juma'a. Muryata ko ni ban gane ta ba. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya zage ni, da an zage ni da ya fi mani sauƙi. Baba Mande ya ce ya yi zato tun ranar, don da idonsa ya ga awon Labbo. Ya gaya ma Labbo haka, amma mutumin da anka daɗe ana ce ma mai laifi ba ya yarda da wanke shi in ba a nuna mashi mai laifin ba. Ya ce shi ma ya yi kuskure, ya tsaya jiran bakina ya buɗe da kansa har ya rasa mutum.

"Rami ba komai ba ne, Bawa," in ji shi. "Ba rami kaɗai na ba ka ba, har da mutum biyu. Ɗaya ya tafi, ɗaya ba ya cin abinci da kai."

Ya ce in aje muciya in tafi Mada, in faɗa ma Labbo gaban mahaifinsa, in ce ana jiransa. Ni kuma in wuce gida, in ina so in komo bayan kaka mai zuwa, in fara daga ɗibar ruwa.

Na kama hanya ni kaɗai, ba jaki ba abokin hira. Wuni da rabi na yi. Takalmina ya tsinke, na rataye shi a wuya. Wata Bafillatana ta ba ni nono, ta tambaye ni ko rasuwa anka yi mani, na ce a'a. A Mada na tambayi gidan su Labbo, wani mai faskare ya ce wanne, mai kashe rami? Na ce shi.

Na iske shi ƙofar gida yana kwaɓa ƙasar yaɓen rumbu. Ya yi murna da ganina, har ya fara kiran a kawo tabarma. Na ce mahaifinsa nake son gani. Tsohon na zaure yana tufkar igiya. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga Juma'ar har rakiyar. Tsohon bai ɗago ba sai da na gama. Sannan ya leƙa cikin gida ya ce a kawo ma baƙo fura. Anka kawo, dole na sha, ban taɓa haɗiye abu mai wuya irinta ba.

Labbo na tsaye bakin ƙofa, laka har gwiwa. Ya ce, "Ƙwarya nawa?"

Na ce uku.

"A shafe ko a cike?"

Na ce a cike, har da tozo.

Ya zauna a dokin ƙofa, yana motsa baki, yana lissafi da yatsu. Can ya ce ashe awonsa daidai ne. Ya ce tun da ya komo ko hatsin tuwo bai yarda ya auna ma matarsa ba, ita ke shiga rumbu. Mahaifinsa ya aje igiya ya ce mashi ya wanke ƙafa, rumbu ba inda za shi, ƙanensa zai ƙarasa yaɓen.

Nan na kwana. Da hantsi munka fito tare, shi da tabarmarsa a kafaɗa, har inda hanya ta rabu, ɗaya ta yi Tsafe ɗaya ta yi Gusau. Da munka tsaya na ce ya yafe mani don Allah.

Ya ce, "Ba yau ba, Bawa. Ba zan yi maka ƙarya in ce ba komai ba. Bari in haɗa rami ɗaya ya tashi tukuna, in ji ko zuciyata ta sauka. In ta sauka zan aiko."

Ya gyara tabarmarsa ya kama hanyar Tsafe, da sauri kamar wanda ya makara. Na tsaya har gonaki sunka ɓoye shi, bai waiwayo ba. Yau kwana goma sha tara ke nan, kuma duk ayarin da ya shigo daga kudu sai na je na tsaya kusa, ko wani zai tambayi gidanmu.